Kambun Illo

Shekarar da yunwa ta shiga Sakkwato ina zaune gidan yayana Malam Na'Allah a Ƙofar Rini, mijina ya rasu, ba ɗa ba jika. Mu huɗu ne a gidan: Malam, matarsa Hajjo, ɗansu Illo, sai ni Bara'atu, wadda duk unguwa ta sani da baki. Illo ɗan fari ne, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda Hajjo ta haifa. To, kun san al'adarmu da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta taɓa shi gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Uba ma haka. Ni na goye shi, ni na yaye shi, ni na doke shi ranar da ya ci duka. Hajjo in tana son ba shi tsokar nama sai ta ajiye a bakin murhu, ta dubi bango ta ce, "Wani shi ɗauke wanga kahin kyanwa ta zaka."

Illo masaƙi ne, amma wa ke sayen zane cikinsa na kuka? Ya yi ta zama a gindin masaƙa ba ciniki har haƙarƙarinsa suka fito. Rannan da bazara ya fita da safe, bai dawo ba sai da jar hula a ka da ɗamara a ƙugu. Ya je bariki ya shiga sojan Nasara, don can ana ba da hatsi.

Malam yana zaure bisa buzunsa lokacin da yaron ya yi sallama. Dole in gaya muku abu biyu game da yayana. Na farko, layar tafiya ita ce aikinsa. Fataken da za su Gwanja ko Kano ba su ɗaura wa jaki kaya sai sun zo ya rubuta musu. Na biyu, ranar da Nasara suka ci garin nan, yana fagen yaƙi a filin Giginya tare da babban wanmu Ƙasimu, kuma shi ya ɗauko gawar Ƙasimu a kafaɗa har gida. Da ya ga jar hular nan bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mana sauƙi.

Ya ce, "Bindigar da tak kashe Ƙasimu ita za ka saɓa. Wallahi hannun ga nawa ba shi rubuta maka ko wasali guda. Hita."

Illo ya fita. Ni ina bayan ƙyaure na ji komai, Hajjo kuwa tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗaga kai ba.

Muka yi azumi cikin wannan yunwa, aka yi ƙaramar salla, damina ta zauna amma gero bai nuna ba. Sai labari ya cika gari cewa Nasara sun saɓa da waɗansu ƴan'uwansu da ake ce wa Jamus, za a kwashi sojan bariki a kai su yaƙi can wata ƙasa mai duwatsu. Na haɗu da Illo a kasuwa wajen masu gishiri. Ya yi ƙiba kaɗan, ja'irin, har na ji haushi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja ni gefe.

"Gwaggo, bayan Juma'a za mu tahi."

"To sai mi? Kai ka kai kanka."

Ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mini dantsensa. "Kowa bariki shina da kambu, Gwaggo, har waɗanda ubanninsu ba su san alihi ba. Ni ɗan Malam, dubi nawa. Suna tambaya ta mi niy yi ma tsoho. Tsoro nika ji."

Kambu dai laya ce da ake ɗaurawa a dantse. Tun yana rarrafe ban taɓa jin yaron nan ya ce yana jin tsoro ba, sai ran nan. Na zage shi, na saya masa ƙuli-ƙuli, na rabu da shi.

Ban tsaya shawara da kowa ba, na wuce wurin Malam Gidaɗo na bayan masallaci, na ce ya rubuta wa yaron. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Bara'atu, ubanshi na da rai, alƙalaminshi na da tawada, ni in rubuta? Abin da uba ya hana, in na ba da, ba shi amhwani. Tahi ki lallashi ɗan'uwanki." Lallashi! Ni da ban taɓa lallashin ko akuya ba. Na je wurin wani malamin, shi ma ya karanta mini irin wannan karatu.

Da na shiga gida na zauna kusa da Hajjo, na faɗi duk abin da ya faru da ƙarfi, ina fuskantar tukunya, kamar da ita nake magana. Hajjo ta ci gaba da aikinta. Amma da hantsi washegari na ga ta fito da mazari da alli, ta zaɓi audugar da ta fi kyau cikin kwandonta, ta yi kaɗi siriri irin wanda ba ta yi wa kasuwa. Ta aika rabi marina aka rino shi baƙi wuluk. Sannan ta ɗauko zanen da aka kawo ta gidan da shi, ta zauna tana zare jan alharinin bakinsa da allura, zare ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Hajjo, zanen aurenki kika ɓatawa?"

Ta ce, "Ya tsuhwa."

Hajjo ta iya saƙar tsinke, irin wadda mata ke yin mazagin wando da ƴar jakar kwalli da ita. Tsinkayenta guda biyu na itace ne, sun yi santsi don daɗewa a hannu. Ta yi alwala, ta zauna inuwar rumbu, ta soma. Baƙi, fari, baƙi, sannan layin ja siriri a tsakiya. Saƙar ta matse ƙwarai, in ka ɗaga ta ga rana haske ba ya ratsawa. In ta yi kuskuren ido ɗaya sai ta warware har inda ya faru ta sake. Leɓunanta suna motsi amma ba a jin abin da take faɗi.

"Mi kika saƙa?" na tambaye ta, alhali na sani.

"Mazagi na."

"Mazagi da aljihu a tsaka? Wandon wa?"

"Bara'atu, tuwonki na ƙuna."

Tuwo kuwa ko ɗora shi ba a yi ba. Abin da take saƙawa igiya ce mai faɗin yatsa biyu, a tsakiyarta ƴar jaka daidai ninkin takarda. Aikin baduku ne a rufe laya da fata, amma baduku sai an kai masa rubutu, mu kuwa ba mu da shi. Hajjo ta yi wa rubutun ɗaki ne tun kafin a same shi.

Da saƙar ta yi nisa sai ta tsaya, don ba ta san kaurin dantsen ba. Rabon da ta taɓa hannun ɗanta tun yana shan nono. Na ce zan je bariki in auno, ta girgiza kai, ta ce soja ba su barin mace ta shiga, kuma kowa zai gani. Da azahar Malam ya shigo ya tsuguna bakin rariya zai yi alwala, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Hajjo ta kawo masa buta. Tana ajiyewa sai ta zaro zare daga bakin zanenta, ta zagaya dantsensa da shi, ta ƙulla alama, ta juya ta tafi. Illo jikin ubansa ya ɗauko, kowa ya san haka, shi ma Malam ya sani. Ya bi zaren da kallo, ya dubi katanga, ya ci gaba da alwalarsa. Har ya wanke hannun nan sau huɗu, shi da yake gyara wa mutane alwala.

Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa, da la'asar na same shi a zaure.

"Yaya, magana nika so mu yi."

"In ta wancan ta, na gama."

"Ba ka gama ba. Yunwa tak kore shi, ba son Nasara ba. Kai ka ciyar da shi da yaz zauna? Kana rubuta ma baƙon da ba ka san ubanshi ba don shi kai goro Kano lahiya, naka kuma za shi gaban wuta hannu wayam."

Ya ce, "Na rantse, Bara'atu. Da sunan Allah niy yi, ba da sunanki ba."

"Ƙasimu da shina raye da ya ji kunyar ka."

Nan na wuce gona da iri, na kuma sani. Fuskarsa ta canza, ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi ina ƙunƙuni. Tun daga ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, kuma laifin bakina ne, na taurara abin da ya soma laushi.

Hajjo ta gama saƙa ran Alhamis. Ta bar bakin jakar a buɗe, ta kai kambun zaure lokacin da Malam ya tafi masallaci, ta ajiye kusa da kurtun tawadarsa. Da ya dawo ya sa bakin alƙalami ya ture shi gefe. Kambun ya kwana nan, ya wuni Juma'a nan, bakinsa a buɗe. Fatake biyu suka zo ya rubuta musu, abin yana gefen gwiwarsa bai dube shi ba.

Asabar da sassafe muka ji an busa begila daga bariki. Hajjo ta aike ni na ɗauko kambun, ta karɓa, ta cusa ɗan curin auduga a jakar, ta sa tsinke ta fara rufe bakin.

Na ce, "Mi kika yi haka?"

"Laya ba a buɗe ta. Ba shi sani ba."

"Ni na sani. Ki aike ni in ɗaura ma yaro auduga in ce rubutun ubanshi na? Shi shiga gaban harsashi shina taƙama da abin da babu?"

Ta ɗago ta dube ni. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ce, "Kin ce tsoro shika ji. Ni ba ni da tawada, Bara'atu. Abin da nika da shi ke nan. Shi dai ji wani abu na riƙe da hannunshi."

Ta gama rufewa, ta cije zaren, ta sa mini a tafi. Na ƙi jinin abin da zan je in yi, amma na ja mayafi na ɗauka.

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, duk mai fita sai ya ratsa zaure. Malam yana zaune. Na sunkuyar da kai zan wuce, ya ce, "Mi ag ga hannunki?"

"Mazagi na."

"Kawo."

Na miƙa masa. Ya juya shi, ya bi layin jan alharinin da babban yatsa, na tabbata ya gane daga inda aka zaro shi. Sannan ya matsa jakar tsakanin yatsu biyu. Mutumin da ya shekara talatin yana ninke takarda ba a ɓoye masa auduga.

"Wanga ba komi ciki."

"Wa za shi sa? Ni ko ita?"

"Kuma haka za ki ba shi, ki ce daga gare ni?"

"Haka."

Ya daɗe yana riƙe da shi. Begila ta sake tashi. Na kama bakina da ƙyar, don na san in na ƙara kalma ɗaya shi ke nan.

Ya ce, "A ce ɗana ya mutu shina dogara ga ƙarya da sunana." Ba da ni yake ba. Ya jawo ƴar wuƙar da yake fiƙe alƙalami, ya yanke ɗinkin bakin a hankali don kada ya taɓa saƙar, ya zaro audugar ya ajiye bisa buzu. Ya ce, "Miƙo man takarda."

Ya yi bisimilla ya rubuta. Malam ba ya gaggawa a rubutu, ran nan ma bai yi ba, ni kuwa ina tsaye kamar a kan garwashi. Ya cika fuska ɗaya, ya zana hatimi a bayanta, ya jira tawada ta bushe. Ya ninke, ya naɗe da zare, ya yanko ƴar fata daga tsohuwar gafakarsa ya lulluɓe saboda ruwan sama. Ya tofa addu'a, ya zura a jakar, ta shiga daidai. Ya ce, "Kai mata ta ruhe."

Ba sai na kai ba, Hajjo tana bayan ƙyaure da tsinkenta a hannu. A tsaye ta rufe bakin. Sau biyu tsinken yana kuɓuce mata.

Na fita da gudu, ni da gwiwoyina suka daina gudu tun tuni. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, takalmina ɗaya ya maƙale na bar shi nan. Da na isa bariki sai na ishe fili wayam, sai mata masu sayar da fura suna haɗa ƙorai. Suka ce an tafi, suka nuna mini hanyar kudu. Na bi. Allah ya taimake ni wani rafi ya cika, jerin ya tsaya ana ƙetarar da alfadarai da kaya. Na kutsa cikinsu ina kiran sunansa. Wani saje ya tare ni da sanda, na ce masa in ya taɓa ni sai ya gaya wa uwarsa wadda ya gamu da ita yau. Sojan suka yi dariya, ya kauce.

Illo ya fito daga layi. Na kama hannunsa na ture rigar sama na zura masa kambun. Ya zauna a dantsen cif, ba matsi ba sako-sako. Ya dubi saƙar, ya san hannun da ya yi ta, don da mazagin wannan hannu ya girma. Sannan ya matsa jakar ya ji taurin takarda.

"Gwaggo, wa yar rubuta?"

"Wa kaka zato? Malamin Nasara?"

"Baba?"

"Shi. A gabana."

Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga bisa taɓo. Ya ce, "Ki ce ma Inna..." sai ya kasa. Na ce zan faɗa wa tukunya, za ta ji. Aka busa, ya koma layi, suka shiga ruwa. Na tsaya har jajayen hulunan suka haye suka shige cikin gero.

Rana ta yi tsaka kafin in kai gida, ƙafa ɗaya ba takalmi. Malam yana tsakar gida, abin da ba ya yi da rana, Hajjo tana tsugune gaban tukunyar hatsi. Ba wanda ya tambaye ni komai. Na zauna bisa turmi na ce da tukunyar ruwa, "An ba shi. Ya san wa yas saƙa, ya san wa yar rubuta." Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam ya yi gyaran murya ya ce mata, "Auna ki gani, ko shina kai ciyar da mutum goma."

Sai a lokacin na tuna. Wanda ya rantse da Allah ya karya, kaffara ta hau kansa: ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Hajjo ta karkata tukunyar ta juye a faifai. Abin da ya fito ko mu uku ba zai kai mu jibi ba.

Malam ya duba ya ce, "To. Gobe kak ki dama da ni."

Mutumin nan bai daɗe da fita azumin wata guda cikin yunwa ba, wuyansa kamar na zakara. Na buɗe baki in ce ya bari sai gero ya nuna, ya ɗaga mini hannu ya tsayar da ni.

Washegari na dama kunu, na zuba ƙwarya biyu, tawa da ta Hajjo. Na ajiye mata tata a inuwar rumbu. Ta jawo faifai ta rufe.

Na ce, "Ke kuma hwa? Ke kir rantse?"

Ta ce, "Ba ni jin yunwa."

Haka suka yi kwana ukun nan su biyu, shi a zaure ita a cikin gida, ba wanda ya ce da wani komai a kai. Ni ban yi rantsuwa ba, ban karya ba, don haka na zauna na sha kununa.